Yarona ya ce Kyaftin Nemo yake so ya zama, amma ya ajiye littafin a rabi

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ɗana shekararsa 12, kawunsa ya kawo masa littafin nan na Jules Verne na tafiyar ƙarƙashin teku, Twenty Thousand Leagues Under the Sea, na Turanci. Da farko ko abinci sai an yi ta kira, yanzu kuma ya ajiye shi a rabi wai sunayen kifi sun yi yawa. Amma kullum zancensa Kyaftin Nemo, har cewa yake shi yake so ya zama, kuma kawun nasa ya ce min mutumin nan kashe mutane yake a labarin. Ƙanwarsa mai shekara 10 ita hotunan kawai take kallo. In tilasta masa ya ƙarasa ne ko in ɗauke littafin gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya su ya yi musu albarka. Kar ki ɗauke, kuma kar ki tilasta. Abin da yaronki ya yi shi ne abin da na sha gani wajen yara masu shekarunsa in sun hau littafin nan, ɗoki a farko, gajiya a tsakiya, amma Nemo ya riga ya shiga ransu ba ya fita. Lafiyar karatunsa ƙalau.

Farkon littafin ai dole ya ja yaro. Ana buɗewa da shekarar 1866, jiragen ruwa suna ta ba da labarin wani abu ƙato a teku mai gudu mai haske da dare, ana gardama dabba ce ko mene ne, sai Amurka ta tura jirgin yaƙi mai suna Abraham Lincoln ya je ya kashe shi. Mutum uku suka faɗa ruwa, Farfesa Aronnax Bafaranshe masanin halittun teku, da mai yi masa hidima Conseil, da Ned Land mutumin Kanada gwanin jifan manyan kifaye da mashi, sai suka tsinci kansu a bayan dodon, suka ƙwanƙwasa suka ji ashe ƙarfe ne. Jirgi ne mai nutso, Nautilus, tsawonsa mita 70, da lantarki yake tafiya, kuma mai jirgin, Kyaftin Nemo, ya ce musu kun shigo ke nan babu fita. Wane yaro ne zai tashi cin tuwo a nan wajen?

Toh daga nan ne matsalar take farawa, domin Verne ba labari kaɗai aka sa shi ya bayar ba. Mai buga masa littattafai, Pierre-Jules Hetzel, yana da mujallar da aka yi don ilmantar da yara da iyayensu cikin nishaɗi, kuma a cikinta labarin ya fara fitowa kashi-kashi daga Maris 1869 zuwa Yuni 1870, duk sati biyu a samu ɗan yanki. Kin ga yaran farko da suka karanta shi sun fi shekara suna binsa a hankali, ba wanda ya ɗora musu babi 47 a cinya lokaci ɗaya. Kuma a zamanin babu talabijin babu bidiyo, yaro bai taɓa ganin abin da ke ƙarƙashin ruwa ba, don haka in Aronnax da Conseil suka zauna gaban tagar gilashin jirgin suka yi shafi biyu suna jero kifaye da danginsu da launinsu, wannan shi ne kallon da mai karatu yake samu. Yaron yanzu kuwa ya ga kifin a waya cikin minti ɗaya, ga shi sunayen rabi na Latin ne, ga Turancin ba harshensa ba. Ki ce masa malami ya ba shi izini, duk inda aka fara jero sunaye ya tsallake ya nemi inda mutane suka koma magana. Kamar cin kifi ne, a zare ƙaya a ci tsoka. Manya ma da yawa haka suke karanta shi.

Abin da zai sa in ji takaici in ya tsaya a rabi shi ne mafi daɗin yana gaba. Ban ga yaron da ya kai wajen ƙanƙara ya ajiye ba. Jirgin ya maƙale a ƙarƙashin ƙanƙara bayan sun baro ƙarshen kudancin duniya, sama ƙanƙara ƙasa ƙanƙara, suna fita da diga suna sara ruwan kuma yana ƙara daskarewa yana matso su, iskar numfashi tana ƙarewa, har sai da suka riƙa tafasa ruwa suna fesawa don su jinkirta daskarewar. A wajen ne farfesa ya fara shiɗewa, sai ga Ned da Conseil sun rage ɗan ragowar iskar da ke cikin tukunyar nutso, su ba su shaƙa ba suka ba shi. Yara in ana karanta musu wannan wajen za ki ga wasu sun riƙe numfashi ba su sani ba. Sai faɗa da wasu halittu masu dogayen hannuwa masu manne wa abu, da gatari ake sara, ɗaya ta naɗe wani ma'aikacin jirgin ta ɗaga shi sama yana ihun a taimake shi da Faransanci, a nan farfesa ya gane ashe duk watannin nan akwai ɗan ƙasarsu a cikin jirgin bai sani ba, kuma ba a ceto shi ba.

Akwai kuma babin da yaranmu suke miƙewa zaune in an zo shi, na Bahar Maliya. Kafin jirgin ya wuce ta gaban Jidda, farfesa ya tambayi Nemo ko ya taɓa ganin alamar rundunar Fir'auna da ta nutse, Nemo ya ce wurin yashi ya cike shi, yana can arewa da Suwez. Yaron da bai taɓa ganin teku ba amma ya san ƙissar Annabi Musa daga islamiyya, kuma kakarsa ta je hajji ta sauka a Jidda, nan take labarin ya zama na kusa. Ki samo masa taswirar duniya ko ta waya ce, ya riƙa bin jirgin da yatsa, daga tekun Fasifik kusa da Japan, zuwa Siri Lanka, Bahar Maliya, Bahar Rum, Atlantika, har Norway. Yawancin yara suna zaton dubu ashirin ɗin nan da ke cikin sunan littafin zurfi ne, alhali nisan tafiyar ne, kilomita 80,000, wato kamar a zagaye duniya sau biyu. Yana da kyau kuma ya san inda Verne ya wuce gona da iri. Ramin da jirgin ya bi ta ƙarƙashin Suwez babu shi, ƙirƙira ce. Nutson mita 16,000 da jirgin ya yi a labarin ma ba zai yiwu ba, domin wuri mafi zurfi da aka sani a teku bai wuce wajen mita 11,000 ba. Ƙarshen kudu kuma ba buɗaɗɗen ruwa ba ne da jirgi zai isa, ƙasa ce da ƙanƙara ta rufe, sai 1911 Amundsen ya taka wurin. Yara suna matuƙar son kama marubuci da kuskure, kuma yana ƙara musu son littafin ne, ba ya ragewa.

Yanzu maganar Nemo, wadda na san ita ce ta fi damun ki. Kawunsa bai yi ƙarya ba, a kusa da ƙarshe Nemo ya soke wani jirgin yaƙi ya nutsar da shi da mutanen ciki, ya bi shi ƙasa yana kallo ta taga suna nutsewa. Amma ki duba abin da yaro ɗan shekara 12 ya gani kafin nan. Ya ga mutumin da ya ƙera jirginsa da kansa, yana jin harsuna da yawa, yana da ɗakin karatu mai littafi 12,000, abincinsa da tufafinsa duk daga teku, ba sarki ba gwamna ba mai ce masa tashi ko zauna. Yaron da tun asuba ake ce masa tashi, yi wanka, ɗauko jaka, kar ka fita, dole wannan ya burge shi. Kuma ya ga mutum mai tausayi. A gaɓar Siri Lanka wani talaka Ba'indiye mai nutso yana neman lu'ulu'u, kifin shak ya taso masa, Nemo ya shiga tsakani da wuƙa ya kusa rasa ransa, bayan an farfaɗo da mutumin ya danƙa masa jakar lu'ulu'u, ya ce wa farfesa wannan mutumin ƙasar waɗanda ake zalunta ne, ni ma har ƙarshen numfashina ɗan ƙasar nan ne. Zinaren da yake kwasowa daga jiragen da suka nutse a gaɓar Vigo ta Sifen tun 1702, masu neman 'yanci yake aika wa. Wannan Nemon ɗanki yake so ya zama, tunda a rabi ya tsaya bai ga ɗayan ba tukuna.

Shi ya sa nake so ya ƙarasa. Verne bai wanke Nemo ba. Bayan ya nutsar da jirgin nan ya shiga ɗakinsa ya durƙusa gaban hoton wata mata da yara biyu ƙanana yana kuka, farfesan da ya yi watanni yana girmama shi ya koma tsoronsa yake ji, kuma kalmar ƙarshe da ya ji daga bakinsa daren da za su gudu ita ce yana kiran Allah Mai iko duka yana cewa ya isa, ya isa. Yaro in ya kai nan shiru yake yi, daga baya ya zo da tambaya, wai Nemo mutumin kirki ne ko mugu? Don Allah Hajiya in ya kawo miki wannan tambayar kar ki yi saurin yanke masa hukunci, ki mayar masa, ki ce kai me ka gani, an kashe masa iyali, toh matuƙan jirgin da ya nutsar su ba su da 'ya'ya a gida? A ganina wannan hirar ta fi duk ilimin kifin da ke littafin amfani, domin wataƙila shi ne karo na farko da zai haɗu da wanda aka zalunta da gaske kuma ramuwarsa ta zama zalunci, kuma ya fi kyau ya fara haɗuwa da irinsa a takarda kina kusa.

Na lura yara suna rabuwa a kan mutanen jirgin. Masu son karatu suna bin farfesa, su a bar su a jirgin har abada. Masu ƙiriniya kuwa Ned Land ne nasu, shi da kullum yake ƙorafin ya gaji da cin kifi nama yake so, kuma shi kaɗai ne bai taɓa mantawa cewa kurkuku suke ciki ba duk kyan wurin. Wasu kuma sukan kama Nemo da baki biyu, ya hana Ned kashe wasu manyan kifayen wel ya ce kisa don wasa ba kyau, a babin nan dai kuma ya sa jirginsa ya yi wa wani garken na daban kisan gilla har teku ta yi ja. In yaro ya gano wannan da kansa, karatu ya yi.

Wuri ɗaya zan so ki sa ido. Da jirgin ya maƙale a mashigin Torres, mutanen tsibirin Papua baƙaƙen fata sun zo da kibau, kuma yadda farfesa da abokansa suke maganarsu irin kallon raini ne na Turawan ƙarni na 19, har da kiransu masu cin mutane. Yaranmu suna jin zafin wannan ko ba su faɗa ba. Ki nuna masa cewa a wajen ma Nemo ya tambayi farfesa, ina ne babu dabbanci a doron ƙasa, kuma waɗannan sun fi sauran muni ne? Amma ki faɗa masa gaskiya cewa littafin ɗan zamaninsa ne, an rubuta shi lokacin da Turai ke shirin rabon ƙasashen mutane.

Ita kuma ƙanwar a bar ta da hotunanta, karatu ne shi ma. In bugun mai tsofaffin zanen nan ne baƙi da fari, na Neuville da Riou ne daga bugun 1871, guda 111, kuma sun ja yara da yawa cikin labarin. Ki sa yayan ya riƙa ba ta labarin kowane hoto da Hausa bayan isha'i, zai koma littafin da kansa don kar ta tambaye shi abin da bai sani ba. Kar ki yi mamaki in ta ce ina matan suke, babu mace ko ɗaya da ta yi magana a littafin, 'yan mata sun fi saurin lura da haka.

Ki duba shafin farko ko cikakke ne ko taƙaitacce. In ya sake cijewa duk da tsallaken, a nemo masa taƙaitaccen bugu na 'yan makaranta ya san ƙarshen labarin, cikakken ya jira shi zuwa shekara 14 ko 15. In kuma ya gama ya dame ki da waye Nemo daga ina yake, wannan littafin bai faɗa ba, Verne ya so ya mai da shi mutumin Folan da Rasha ta kashe wa iyali, Hetzel ya ƙi saboda kar a ɓata da Rasha, sai aka bar shi a rufe. Amsar tana cikin The Mysterious Island da ya biyo baya, inda aka bayyana shi a matsayin Yarima Dakkar na Indiya wanda ya rasa iyalinsa a tawayen 1857 da aka yi wa Ingila. Amma kar ki gaya masa yanzu, ki ce kawu zai kawo na biyun in ya gama na farko.