Wane baƙin mai ya dace da tsohon babur?

Wasiƙun da suka taru a wannan karon sun fi karkata ga baƙin mai, kuma daga masu riƙe da baburan da suka haura shekara arba'in suka fito. Na zaɓi guda biyar waɗanda amsarsu za ta amfani sauran masu tambayar.

Tambaya: Na gaji babur ƙirar Honda CG125 na ƙarshen shekarun 1970 daga mahaifina. Da na kai shi juye sai aka zuba masa man mota mai lamba 5W-30, aka ce mini ai mai duk mai ne. Tun ranar, idan na ba shi wuta a giyar ƙarshe sai injin ya yi ta ƙara amma gudun bai ƙaru ba. Laifin man ne ko tsufa ne?

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka. Abin da ka kwatanta zamewar kuloci ne, kuma tunda daga ranar juyen ya fara, man shi ne abin zargi na farko. A mota, injin da gidan giya kowa da mansa, kulocin kuma a bushe yake aiki. A babur irin naka kuwa mai ɗaya ne ke wanke injin da haƙoran giya da faifan kuloci baki ɗaya, don haka ana buƙatar ya yi santsin da zai kare ƙarfe, amma kada santsin ya kai ga hana faifan kama juna. Yawancin man motar zamani mai ruwa-ruwa an zuba masa sinadaran ƙara santsi domin mota ta rage shan fetur, kuma waɗannan sinadaran su ne ke shafe fuskar faifan kuloci har ya kasa riƙo. Irin wannan man yakan zo da rubutun "Resource Conserving" ko "Energy Conserving" a cikin zagayayyen tambarin API, wato cibiyar man fetur ta Amurka, da ke bayan galan, wanda ya gan shi ya ajiye wa mota.

Wannan matsala ce ta sa masana'antar ƙera ababen hawa ta Japan ta fito da ma'aunin JASO na man babur a 1998. Man da ke ɗauke da JASO MA ko MA2 an gwada shi an tabbatar kulocin da ke cikin mai zai kama da shi. JASO MB kuwa na baburan da ba su da irin wannan kuloci ne, kamar sikuta masu canza giya da kansu, don haka bai dace da naka ba. Ka zubar da man da ke ciki yayin da injin ke da ɗumi, ka zuba 10W-40 ko 20W-50 mai alamar MA ko MA2, wanda kusan lita ɗaya zai ishe ka. Ka kuma duba wayar kuloci, domin idan an ɗaure ta tamau ba a bar wa hannun ɗan sararin wasa ba, ita ma tana jawo zamewa. Idan bayan juye biyu bai daina ba, faifan sun riga sun sha man ko sun cinye, sai a sa sababbi, a jiƙa su cikin sabon man kafin a ɗaura.

Akwai wani abin da nake so ka sani game da wannan injin, domin na ga abin da rashin saninsa ke jawowa. Ba shi da filtar takarda irin ta mota. Abin da yake da shi 'yar raga ce a ƙasa, da kuma wani ɗan ƙoƙo a bakin kirankishaf ta ɓangaren dama, wanda ke juyawa tare da injin yana wurga datti zuwa bangonsa. Na taɓa tsayawa ana buɗe irin wannan ƙoƙon a babur ɗin da mai shi bai taɓa wasa da lokacin juye ba, aka tarar ya cika maƙil da wani abu mai ruwan toka, ya daskare kamar busasshen yumɓu, sai da aka sa bakin sukudireba aka riƙa ɓanɓaro shi. Idan ƙoƙon ya cika, dattin wucewa yake yi kai tsaye zuwa cikin injin, komai kyawun man da aka saya. Ka sa a buɗe naka a wanke kafin ka zuba sabon mai.

Tambaya: Wasu sun ce tsohon inji sai mai mai kauri, wasu kuma sun ce man zamani ba shi da zinki, zai cinye mini inji. Wanne zan bi?

Amsa: Kowace magana a cikin biyun tana da tushe, amma an faɗaɗa ta fiye da kima. Lambobin da ke jikin galan, kamar 20W-50, ƙungiyar injiniyoyi ta SAE ce ta tsara su. Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, ta biyu kuma kaurinsa ne a zafin digiri 100. Tsohon injin da iska ke sanyaya shi yana ɗaukar zafi fiye da mai ruwa, musamman idan yana tsaye a cunkoso, tazarar da ke tsakanin ƙarafansa ta fi ta injin zamani faɗi tun daga masana'anta, sannan haƙoran giya suna yanka sinadaran da ke riƙe wa man kaurinsa har ya tsinke da wuri. Shi ya sa 20W-50 ke dacewa da da yawa daga cikin manyan tsofaffin babura a yanayin zafi, kuma shi ya sa ba na ba kowa shawarar zuba 0W-20 a cikinsu.

Sai dai kauri idan ya wuce ƙa'ida shi ma ɓarna yake yi. Ƙananan injunan Japan da yawa na shekarun 1960 da 1970 sandar da ke buɗe bawul a samansu take, tana juyawa kai tsaye a kan alminiyon kan injin, kuma ta wata siririyar hanya mai ke hawa ya same ta. Idan man ya yi kauri da safe, sai sandar ta yi juyi a bushe kafin ya iso, kuma wannan 'yar tazarar ce ke cin inji a hankali. Don haka littafin da ya zo da babur ɗin shi ne alƙali, kuma irin waɗannan littattafan ana samun su a intanet. Ka duba jadawalin da ke haɗa lambar mai da zafin yanayi, ka zaɓi wanda ya dace da inda kake tuƙi. Ruwan ƙara kauri da ake sayarwa a kwalba don rage hayaƙi ɓoye ciwon kawai yake yi, domin injin da ke ƙona mai ringi ko hanyar bawul yake nema a gyara masa.

Batun zinki kuwa, sinadarin da ake nufi shi ne ZDDP, haɗin zinki da fosfaras wanda ake zubawa a baƙin mai tun shekarun 1940. Aikinsa shi ne ya yi wata siririyar fata a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe da ƙarfi, kamar inda sandar bawul ke danna mabiyinta. An rage shi a man mota ne saboda fosfaras yana lalata na'urar tsabtace hayaƙi da ke cikin salansa, kuma tun 2004 aka ƙayyade wa man mota mai ruwa-ruwa, irin su 5W-30, kada fosfaras ɗinsa ya wuce kashi 0.08 cikin 100. Wannan ƙa'idar ba ta hau kan mai mai kauri irin 20W-50 ba, ma'aunin JASO na babur kuma ya yarda da fosfaras daga kashi 0.08 har zuwa 0.12. Wanda ya sayi man babur na ƙwarai ya riga ya sami abin da yake nema, kuma ban ga amfanin ƙara zinkin kwalba a kai ba, domin masu haɗa man sun daidaita sinadaransa da juna, ƙari kan iya ɓata daidaiton.

Tambaya: Gaskiya ne man sintetik yana sa tsohon inji yoyo?

Amsa: Wasu daga cikin na farko-farko sun saɓa da robar toshe mai ta wancan zamanin, daga nan maganar ta samo asali. Na yanzu ba ya cin roba, amma yakan wanke dattin da ya toshe wata tsohuwar kafa, sai yoyon da ke ɓoye ya bayyana. Injin da aka sake wa gasket da roba zai ɗauke shi lafiya, kuma ya fi jure zafi. A ganina, ga babur ɗin da ba shi da filta ta sosai, gara mai na yau da kullum mai kyau da ake juyewa a kan kari, da mai tsada wanda tsadarsa za ta sa a riƙa jinkirta juye.

Tambaya: Na sayi Triumph Bonneville ta 1968 wadda ta daɗe a ajiye, ban san tarihin injinta ba. Wani dattijo ya gargaɗe ni cewa man zamani zai wanko tsohon datti ya kashe injin. Me zan zuba?

Amsa: Ranka ya daɗe, gargaɗin dattijon abin saurare ne, amma zaɓen mai kaɗai ba zai kawar da haɗarin ba. Baburan Ingila masu silinda biyu na wancan lokaci, irin su Triumph da BSA, suna da wani rami a cikin kirankishaf wanda aka yi shi musamman don tara datti. Man da ke zuwa ƙasan sandunan fistin ta nan yake bi, juyawar injin kuma tana matse dattin a bangon ramin. Masu gyaran waɗannan baburan sun daɗe suna muhawara a kan ko mai mai sinadarin wanki yana kwance wannan dattin farat ɗaya. Abin da babu jayayya a kansa shi ne ramin yana cika, idan ya cika kuma hanyar man ta toshe, injin ya buga ko wane irin mai ne a ciki. Tunda ba ka san yaushe aka buɗe shi ba, shawarata ita ce a sauke injin a wanke ramin kafin ka yi doguwar tafiya. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, na sani, amma bai kai neman kirankishaf da murfin injin babur ɗin 1968 wahala ba. Bayan haka sai a ɗaura filta a kan bututun da ke mayar da mai tanki, ka zuba 20W-50 hankalinka kwance.

Ka tuna cewa wannan babur wuri uku ake zuba masa mai: tankin injin, da gidan giya, da gidan sarƙar da kuloci ke ciki. A gidan giya akwai zoben tagulla, kuma wasu daga cikin man giya masu alamar GL-5 suna da sinadarin sulfa da kan taɓa tagulla idan zafi ya yi yawa, don haka GL-4 ya fi aminci. Idan kuma ka leƙa tankin bayan ajiya ka gan shi kusan wayam, kada ka yi gaggawar cikawa, domin man kan sulale ta famfo ya taru a ƙasan injin. A kwance abin toshewar ƙasa a tare shi a mayar tanki, sannan a tayar da injin, ka buɗe murfin tankin ka gani da idonka cewa mai yana dawowa kafin ka hau.

Tambaya: Babur ɗina Yamaha ne mai bugu biyu, mai ƙaramin tankin mai a gefe. Zan iya zuba masa baƙin man da ya rage mini na wani babur mai bugu huɗu? Kuma ina hawansa sau biyu ne kawai a wata.

Amsa: A'a, Malam, kada ka zuba. Injin mai bugu biyu ƙona mansa yake yi tare da fetur, don haka an haɗa man ne yadda zai ƙone ya bar toka kaɗan. Man injin mai bugu huɗu idan ya ƙone sai ya bar gawayi a kan fistin da fulogi da bakin salansa, har ringi ya maƙale. Ka nemi mai alamar JASO FC ko FD, waɗanda suka fi rage hayaƙi da datti, wanda kuma aka rubuta cewa ya dace da famfon da ke aika mai daga ƙaramin tankin zuwa injin. Mai alamar TC-W3 na injin jirgin ruwa ne da ruwa ke sanyaya shi, bai dace da zafin injin babur ba. Famfon da ke aika man, wanda Yamaha ta fito da shi a 1964 da sunan Autolube, idan yana aiki ka bar shi, a dai daidaita wayarsa, a kuma fitar da iskar cikinsa duk lokacin da tankin ya ƙare ƙaf. Masu cire famfo su koma gaurayawa a tanki su sani cewa a wasu tsofaffin Suzuki famfon kai tsaye yake kai wa boris ɗin kirankishaf mai, cire shi kuma barin su ne a bushe. Inda gaurayawa ce tsarin babur ɗin tun asali, lissafin a bayyane yake: 50 bisa 1 na nufin mililita 20 a kowace litar fetur, 25 bisa 1 kuma mililita 40. Gidan giyarka yana da nasa man daban, kuma tunda kuloci a cikinsa yake, a nan ne ragowar man naka zai yi amfani, muddin yana da alamar MA kuma lambarsa ta dace da littafin.

Game da ƙarancin hawa, man gidan giya yana tara laima ko babur bai motsa ba, don haka ka juye shi aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma idan ka ga ya koma launin madara to ruwa ya shiga. Ka riƙa rufe famfon fetur duk lokacin da ka ajiye shi, domin kafiretar da ke yoyo takan cika ƙasan injin da fetur. Ranar da ka fito da shi kuma kada ka tsaya ga tayarwa na minti biyu a ƙofar gida, ka hau ka yi tafiyar kamar rabin sa'a har injin ya yi zafi sosai ya kori laimar da ke ciki.