Amsa ga Bello a kan gatarin da ake kira tomahok

Bello, ɗana, jiya da la'asar, bayan tafiyar mutumin nan da ya nuna mana hoto a wayarsa, ka tambaye ni ko ƙaramin gatarin da ya kira tomahok ba tsitakarmu ba ce aka sauya wa suna, ka kuma tambayi yadda gatari ɗaya zai yi wa mutum aikin zango a daji, ya sake yi masa wasan jifa ba tare da ya lalace ba. Ban amsa maka nan take ba saboda ƙarfe yana wuta, ga shi kuma tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye, shi ya sa na zauna na rubuta maka.

Sunan ya fito ne daga harshen Fawhatan, wata al'umma ta 'yan asalin Amurka da ke zaune a yankin Bajiniya lokacin da Turawan Ingila suka sauka can a 1607. Da dutse suke yin kansa tun asali, sai daga baya 'yan kasuwar Ingila da Faransa suka riƙa kawo na ƙarfe suna musaya da fatu. Wannan na ƙarfen shi ne siffar da ka gani a hoto, kuma abin da ya raba shi da gatarinmu yana wuri ɗaya, wato inda ƙarfe ya haɗu da itace. A gatarin da muke ƙerawa a nan Maƙerar Assada tun kaka da kakanni, ƙarfe ne yake shiga itace: mu ja masa wutsiya, mu huda kan ƙota da ƙarfe mai zafi, mu cusa. A tomahok kuwa itace ne yake shiga ƙarfe. Kan yana da rami wanda ya fi faɗi ta sama, ƙotar kuma ta fi kauri a ƙarshenta na sama, sai a zura siririn gefenta ta saman ramin, a bar kan ya tafi har ya cije a wurin kaurin. Ba ƙusa, ba walda, ba wani tsinke da ake bugawa.

Ina so ka tsaya a kan wannan da kyau, domin duk maƙerin da bai gane shi ba zai ɓata aikin yana ganin gyara yake yi. Duk lokacin da mai gatarin ya kai sara, nauyin kan yana fizgarsa zuwa wajen kaurin, sai ya ƙara cijewa, saboda haka ba ya fita ya tashi sama kamar yadda ruwan gatarinmu yake yi idan ƙota ta saki. Idan kuma aka jefa shi ya bugi itace da gindin ƙota, kan yana zamewa ne ya sauko, ƙarfin bugun ya tafi a wannan zamewar, ƙotar ta tsira. Na farko da na taɓa yi, ganin kan yana motsi ya dame ni, sai na huda shi na buga ƙusa ta ratsa itacen. A jifa na huɗu ƙotar ta tsage daidai ramin ƙusar tun daga wuya har tsakiya, na ɗauke ta ina kallon yadda tsagar ta bi jijiyar itacen, na gane cewa motsin da na hana shi ne kariyarsa. Saboda haka idan mai saye ya dawo yana ƙorafin cewa kan ya zame, kada ka ɗauko guduma da ƙusa. Ka nuna masa ya juya gatarin, kai yana ƙasa, ya buga saman ƙotar a kan kututture sau biyu ko uku, zai koma mazauninsa.

Wajen zaɓe ko ƙira, kan da ya kai giram 400 zuwa 600 ya wadatar, bakinsa kuma ya yi faɗin yatsa huɗu. Tsawon ƙota kamu ɗaya ne na mai gatarin, daga gwiwar hannunsa zuwa yatsunsa, abin da yake kamawa santimita 45 zuwa 50 ga yawancin mutane. A Amurka da itacen hikori suke yin ta, mu kuwa muna da aduwa da marke da magarya, kuma na fi son aduwa saboda tana jure bugu ba ta saurin tsagewa. Ka zaɓi itacen da jijiyarsa ta tafi sambal daga sama har ƙasa, babu ƙulli, kuma wanda ya bushe sarai. Ɗanyen itace zai yaudare ka: ka gyara shi da damina ya zauna daram, hunturu na shigowa ya tsotse shi, kan ya wuce kaurin ya fita ta sama. Don haka nake barin kaurin ya ɗara saman ƙarfen da yatsa biyu, in kuma shafe ƙotar da mai. A keyar kan, ka yi masa fuska shimfiɗaɗɗiya kamar ta guduma domin buga turakun tanti. Akwai masu tsini a keya, kuma matasa suna sha'awarsu, amma ni ba na ƙera wa mai koyon jifa irinsu, domin gatarin da ya bugi itace ya dawo baya da baki biyu yake dawowa.

Sifirin mota shi ne ƙarfen da muke da shi a hannu, kuma ya isa. Wurin da hankali yake shi ne ba shi ruwa. Ka zuga gawayin ƙirya har bakin ya yi jan da maganaɗisu ya daina kama shi, wanda yake faruwa a wajen digiri 770, ka ƙara masa kaɗan, sannan ka tsoma bakin kawai a cikin mai, ka bar wajen ramin da taushinsa domin shi ne yake shan wahalar bugu. Daga nan ka goge bakin ya yi fari, ka bar zafin da ya rage a jikin kan ya gangaro, kana kallon launi yana tafiya: na busasshen kara da farko, sai na makuba, sai shuɗi. Wuƙar aski a launin kara ake tsayar da ita, amma gatarin da za a jefa ɗaruruwan lokuta, wani jifan ya faɗa kan tsakuwa, sai an bar shi ya kai makuba yana shirin shiga shuɗi kafin a kashe zafin. Bakin da ya ɗan lanƙwashe magagari zai gyara shi cikin minti biyar, wanda ya ɓalle kuwa ya tafi, kuma ɓallin yana iya samun idon wani.

A zango, aikinsa sassabe ne da sare ƙananan rassa, da fiƙe turaku, da faskara ƙiraren hura wuta. Idan aka zare kan daga ƙota ana riƙe shi a tafin hannu a yi fiƙa ko kankara kamar da wuƙa, idan kuma ƙotar ta karye a daji, mutum zai sassaƙa wata daga reshe da kan gatarin kansa. Amma ka gaya wa mai saye gaskiya cewa ba ya faskara babban gungume, domin bakinsa siriri ne, yana nutsewa ya maƙale maimakon ya buɗa itacen. Ka ce masa ya durƙusa idan zai sari abin da yake ƙasa, saboda gajeriyar ƙota idan ta kuskure, ƙauri take nema. Ka roƙe shi kuma ya tsaya ga busasshen itace, domin kai ma ka ga yadda itatuwa suka yi ƙaranci a ƙasar nan. Kube na jar fatar akuyarmu wajibi ne, kuma a halin da dazukanmu suke ciki yanzu, gara gatarin ya zauna cikin jaka har a isa masauki.

Wasan jifan kuwa ya zama gasa mai dokoki a ƙasashen waje. A Toronto ta Kanada an kafa wata ƙungiyarsa a 2006, kuma ƙungiyar jifan gatari ta duniya mai suna WATL, wadda aka kafa a 2017, ta sa layin jifa a ƙafa 12 daga allon da ake jifa, wato mita 3.66. Tomahok mai ƙotar kamu ɗaya yakan so taku biyar ko shida kafin ya yi juyi ɗaya cikakke. A riƙe ƙarshen ƙota kamar ana musabaha, baki yana kallon gaba, a ɗaga hannu ta saman kafaɗa, a sauko da shi, a saki lokacin da hannun ya miƙe yana nuna wurin da ake nufi. Kada a karya wuyan hannu, kada kuma a sa ƙarfi, domin nauyin kan ne yake yin aikin. Idan gindin ƙota ne ya fara bugun itacen, juyin bai cika ba, sai a ja da baya rabin taku. Idan saman kan ne ya buga, juyin ya zarce, sai a matso rabin taku. Mai koyo yakan so ya gyara da hannunsa, amma da ƙafa ake gyarawa, hannu ya zauna a kan abu ɗaya.

Abin da za a jefa ya zama gungumen itace mai taushi irin rimi, a yanka shi a gicciye a kafa fuskar yankan tana kallon mai jifa, a riƙa yayyafa mata ruwa domin zafin Sakkwato yana ƙeƙasar da ita har ta riƙa tunkuɗo gatari. Kada a jefi itace mai rai, kada kowa ya tsaya a bayan gungumen ko a gefensa, mai jifa ya sa rufaffen takalmi, kuma idan mutum biyu suna jifa, ba mai zuwa ɗauko nasa sai dukansu sun saki.

Gobe in Allah ya kai mu, ka yanko sifirin mai tsawon taƙi ɗaya, ka ware gawayin ƙirya, ka duba cikin itatuwan aduwar da muka jingine tun bara ka fitar da guda biyu marasa ƙulli. Kai za ka huda ramin, ni zan riƙe maka awartaki, kuma ba za mu kira mutumin ba sai mun jefa shi sau hamsin a bayan maƙera mun ga abin da bakin ya yi.