Amsa ga mai neman sunan fim ɗin 'yan injina masu gyara gidan haya

'Yar'uwa, kin tambayi sunan wani tsohon fim da kika gani kina yarinya, wanda wasu 'yan ƙarafa masu kama da faranti suke tashi sama suna gyara wa mutane gida, kuma ko ya dace ki kunna wa yaranki. Ina karanta bayaninki na gane shi. Sunansa Batteries Not Included, fim ɗin Amurka ne da ya fito a watan Disamba na 1987. Ma'anar sunan "babu batir a ciki", irin rubutun da ake yi a jikin kwalin kayan wasan yara. Matthew Robbins ne ya ba da umarni, kamfanin Amblin na Steven Spielberg ya shirya shi. Da farko ma gajeren labari aka so a yi don shirin talabijin na Amazing Stories, sai Spielberg ya ga labarin ya isa a yi masa fim sukutum.

Ni a kaset na fara ganinsa, a falon wani maƙwabcinmu, mu wajen goma sha a zaune a ƙasa. Turancin ba ma ji, farantan kawai muke jira su fito. Bara na nemo shi na kalla tare da yarana uku, sai na tarar ashe ba fim ɗin da na sani ba ne. Tun da an shekara kusan arba'in da fitowarsa, zan faɗi labarin ba ɓoye-ɓoye, don ki san abin da za ki sa a gaban yara.

Wani tsohon bene ne a unguwar East Village ta birnin New York. Wani attajiri mai suna Lacey ya saye unguwar yana rushewa don ya gina dogayen benaye, saura wannan gida ɗaya tal a tsakiyar ɓaraguzai. Ya turo ɗan daba, Carlos, da kuɗi a hannu ɗaya, sanda a ɗayan: ku karɓa ku tashi, ko a farfasa muku kaya. Mutum biyar suka ƙi tashi. Akwai tsoho Frank da matarsa Faye masu ɗan gidan abinci a ƙasan benen, da Harry tsohon ɗan dambe wanda ba ya magana sai ya maimaita tallan da ya ji a talabijin, da Mason mai zane, da Marisa mai juna biyu. Daren da aka ragargaza gidan abincin, Frank ya rasa inda zai sa kansa ya roƙi taimako, sai ga farantai biyu sun shigo ta taga suna neman soket su sha wuta. Kafin gari ya waye sun mai da komai yadda yake.

Abin da ya burge ni da su, ba su da bindiga, ba sa faɗa, ba sa ma magana. Aikinsu gyara ne kawai. Wuta suke ci da tarkacen ƙarfe, suka tare a wata 'yar rumfa a saman benen, har macen ta haifi 'ya'ya uku a can. Nan yara za su yi ta ƙyalƙyala dariya, musamman inda ƙananan suke taya aiki a gidan abinci suna ɓarna. Ƙaramin ɗana da ya ga suna zuƙar lantarki cewa ya yi, "Baba, da nan suka sauka ai da yunwa ta kashe su." Ban iya musa masa ba.

To amma ga inda nake so ki yi shiri. Tsohuwa Faye tana da ciwon mantuwa na tsufa. Ɗanta ɗaya, Bobby, ya daɗe da mutuwa a haɗarin mota, amma ita a wurinta yana nan da ransa, kuma duk duniya ba wanda ta ɗauka shi ne sai Carlos, ɗan daban da aka turo ya kore su. Yana zuwa da mugunta, ita tana yi masa faɗa irin na uwa, tana cewa ya zauna ya ci abinci. Ina yaro wannan wurin dariya yake ba ni. Bara kuwa sai da na tashi na fita tsakar gida, don kakata haka ta yi a shekarunta biyu na ƙarshe, tana kirana da sunan ƙaninta da ya rasu tun ba a haife ni ba, ni kuma ina amsawa. Jessica Tandy ce ta fito a Faye, Hume Cronyn kuma Frank, kuma mata da miji ne na gaske tun 1942. Ana ganin haka a yadda yake lallaɓa ta yana kare ta daga idon mutane. Bayan wannan fim da shekara biyu ta fito a Driving Miss Daisy, wanda ya ba ta kyautar Oscar tana da shekara 80.

Game da yara, ga abin da na lura. Ɗaya daga cikin jariran uku ba ya motsi da aka haife shi, sai daga baya Harry ya ɗauke shi ya yi ta fama har ya tashi. 'Yata mai shekara shida ta yi kuka a nan, sai da na rantse mata zai farfaɗo. Akwai inda Carlos ya sari uban ƙananan farantan da gatari, akwai kuma gobara a ƙarshe, Faye tana cikin gidan. Sannan Marisa ba ta da aure, kuma akwai wani zanenta ba sutura da Mason ya yi, ana nuna shi na ɗan lokaci. Ki riƙe rimot a hannu, wucewa ɗaya ce. Idan wani cikin yaranki ya tambayi ina mijin Marisa, gara ki tanadi amsa tun yanzu, ni ba shiri babbar 'yata ta same ni. A ganina daga shekara takwas zuwa sama ba matsala in kina zaune tare da su. Ƙasa da haka, ki fara kallo ke kaɗai.

Ba zan ce miki ba shi da aibu ba. Farkonsa yana da jan ƙafa, yaran da suka saba da katun na yanzu za su fara mutsu-mutsu kafin farantan su bayyana. Soyayyar Mason da Marisa kuma cikon benci ce. Ƙarshen ma ya yi sauƙi da yawa: gida ya ƙone ƙurmus, farantai suka dawo da dangi ba adadi, suka sake gina shi cikin dare ɗaya, attajirin ya haƙura ya yi gininsa kewaye da shi. Ni da aka taɓa ba ni notis na wata uku a gidan da na shekara tara ina biyan haya, saboda mai gida ya sayar za a yi shaguna, na san ba haka take ƙarewa ba. Mu akori-kura ce ta zo, ba faranti ba.

Wurin da na fi so ki kula shi ne asibiti, dab da ƙarshe. Carlos ne ya shiga wuta ya fito da Faye, sannan ya zo dubiya da furanni a hannu. Frank, don ya faranta mata, ya ce ga Bobby ya zo. A ranar ce ta fashe da kuka ta yarda cewa ɗanta ya mutu. Carlos ya juya ya fita ba wanda ya tsai da shi. Babbar 'yata ta tambaye ni to shi wa zai gyara shi, na ce ta bari sai da safe.

Tsawonsa awa ɗaya da minti arba'in da wani abu. Ki nemi mai rubutun fassara a ƙasa, don Faye tana magana ƙasa-ƙasa, kuma rabin daɗin fim ɗin a bakinta yake. Ki tabbata kin yi cajin abin kallon kafin ku zauna, mu ana tsakiyar gobara aka ɗauke wuta.