Amsa ga mai tambaya kan falankan Endeavour da ke karyewa a goshi

Wa'alaikumus salam. Malam, na karanta tambayarka, na kuma duba hotunan. Ka ce ƙaninka ya aiko maka da kwalin haɗa ɗan ƙaramin jirgin ruwa na katako, samfurin Endeavour, ma'auninsa 1:60, wato jirgin gaske ya ninka shi sau 60 a tsawo. Ka kafa ƙashin baya da haƙarƙari, wato doguwar sandar gindin jirgin da allunan da ke tsaye a kanta, amma da ka fara shimfiɗa falankai sai suka riƙa karyewa a goshin jirgin, waɗanda ba su karye ba kuma suna hawa kan juna, ga giɓi nan da can. Kana tambaya ko ka ƙara jiƙa su ne, ko ka nemi na'urar lanƙwasa katako.

Kada ka sayi komai tukuna, kuma ƙarin jiƙo ba zai raba ka da wannan matsala ba. Abin da na gani a hotonka ya faro tun kafin ka ɗauki falanki na farko.

Da farko ka san jirgin da ke hannunka. An ƙera Endeavour a Whitby ta Ingila a 1764, sunansa na asali Earl of Pembroke, aikinsa dakon kwal. Rundunar ruwan Birtaniya ta saye shi a 1768, James Cook ya yi tafiyarsa ta tekun Fasifik da shi har 1771. Jirgin dako ana so ya ci kaya ne, shi ya sa gindinsa shimfiɗaɗɗe, cikinsa faffaɗa, goshinsa kuma dunƙulalle, ba mai tsini ba. A nan wahalar take. Jirgi irin Bluenose na Kanada, wanda aka sa a ruwa a 1921, siriri ne, falanki na bin jikinsa cikin sauƙi. A Endeavour kuwa falanki zai taho a miƙe, yana isowa goshi sai ya yi kwana mai tsanani cikin ɗan taƙi kaɗan, yana kuma murɗawa. Ko waɗanda suka daɗe a harkar suna jin jiki a wannan goshi, don haka kada ranka ya ɓaci.

A hotonka na biyu, bakin haƙarƙarin gaba yana nan da baƙin ƙunar injin da ya yanka shi, gefensa a tsaye kamar yadda ya fito daga kwali. Wannan shi ne tushen karyewar. Falanki yana zuwa a karkace, ya tarar da kaifin gefe ɗaya kawai, ya dafa a kansa, kana dannawa sai ya ƙalle a daidai wurin. Dole a goge bakin kowane haƙarƙari ya kwanta daidai da yadda jikin jirgin ke zagayawa, yadda falanki zai zauna a kan duk kaurinsa. Shawarata ka cire waɗanda ka riga ka manna. In farin gam na kafintoci ka sa, ka shafa sifirit da ɗan buroshi a mahaɗar, ka jira kaɗan, zai saki. In sufa gulu ne, sai asiton, wato ruwan goge jan farce.

Ga yadda nake gugar. Ina manna sanfefa mai kaushi, lamba 80 ko 100, a jikin wani ɗan katako dogo da zai haye haƙarƙari uku a lokaci guda. Ba a bin su ɗaya bayan ɗaya, in ka yi haka kowanne zai ɗauki nasa karkatar. Baƙin ƙunar nan ma yana da amfani: a haƙarƙarin gaba ana cin gefen da ke kallon goshi, a bar ɗan siririn layin baƙi a gefen baya, a na baya kuma akasin haka. Muddin layin nan yana nan, ba ka rage girman jirgin ba. Bayan kowace 'yar guga sai ka ɗauki falanki ɗaya ka kwantar a jiki, ka riƙe da yatsu, ka ɗaga jirgin saitin taga. Inda haske ya ratsa ƙarƙashinsa, wannan haƙarƙari ya yi ƙasa, ka manna masa ɓallin katako ka sake gogewa. Inda falankin ya yi ƙusumbi, akwai tudu. Ka gwada a sama, ka gwada a tsakiya, ka gwada kusa da ƙashin baya, dama da hagu. Aikin yana cin rai, ƙura ce kawai kake gani ba ci gaba ba, amma a ganina rabin kyan jirgin a nan ake samunsa.

Tsakanin haƙarƙari na farko da goshi, da tsakanin na farko da na biyu, ka cike gurbin da guntun katako mai laushi ka sassaƙa shi ya bi siffar. Turawa balsa suke sawa. Mu muna da obece a kasuwar katako, wanda a Gana ake kira wawa, yana da laushi, wuƙa na cinsa, kuma su kansu masu ƙera ƙananan jirage a Turai suna amfani da shi. Guntayen da kafinta zai zubar sun ishe ka. Da wannan ciko falanki ya sami inda zai kwanta duk tsawon kwanar, ba a kan wurare biyu kawai ba. Ka ɗaura takunkumi in kana gugarsa, ƙurar obece tana tayar wa wasu da asma.

Akwai wani wuri a bayan jirgin da takardun kwali kan yi shiru a kansa. A ce kaurin ƙashin bayan milimita 5 ne. Falankai shimfiɗa biyu ake yi, ɗaya a kan ɗaya: na farko 1.5, na biyu 0.5, dama da hagu sun zama 4, jimilla 9. Sandar da matuƙin jirgi, wato allon da ke juya akalarsa, ke rataye a jikinta kuwa 5 ce. In ba ka fere ƙashin bayan a wannan kusurwa ya yi siriri ba, falankai za su tsaya sun yi tudu sun fi sandar kauri. Ka rage shi tun yanzu da reza da sanfefa, daga baya ba hali.

Sai hawan da falankai ke yi kan juna. Dubi zanen jikin kankana: a tsakiya layukan suna da faɗi, suna matsewa in sun nufi kai, amma yawansu bai canza ba. Haka jikin jirgi yake. Falankan kwali kuwa faɗinsu ɗaya daga farko har ƙarshe, shi ya sa in ka jera su yadda suke, wurin zai ƙare a goshi tun kana rabin hanya. Kowane falanki sai an fiƙe shi, kuma ba da ka ake yi ba, da awo ake yi.

Ka yanka siraran takardu, ɗaya ga kowane haƙarƙari, ka rubuta lambarsa a jiki. Ka kwantar da takardar a bakin haƙarƙarin daga inda falankai za su fara zuwa ƙashin baya, ka sa alama da fensir. A ce na tsakiya, wanda ya fi kowanne girma, ya ba ka milimita 100, falankinka kuma faɗinsa 5. Falankai 20 ke nan a kowane gefe. Yanzu ka auna wani a gaba ka sami 70. Ka raba 70 gida 20, ya ba ka 3.5: faɗin da kowane falanki zai kasance ke nan a daidai wannan wuri. Haka za ka bi su duka, ka mayar da alamomin a bakin haƙarƙarin da fensir mai tsini. Ni ina raba jikin gida uku ko huɗu da zare, in maƙale shi da ɗigon gam, in kalli jirgin ta gaba da ta gefe har sai zaren ya tafi sumul babu gargada. Amfaninsa shi ne in awo ya ɗan kauce a kashi ɗaya, a nan zai tsaya, ba zai bi ka har ƙasa ba.

Ƙa'idar da maƙeran manyan jirage suka bi ita ce kada falanki ya sirance ya gaza rabin faɗinsa, kuma kada ya ƙare da tsini, domin tsini ba ya riƙe ƙusa, nan ne kuma ruwa ke fara ruɓar da katako. To in awonka a can gaba ya ba ka 45, rabawa 20 ya zama 2.25, ya gaza 2.5. Sai ka tsayar da falanki ɗaya kafin ya kai goshi, ka yanke bakinsa a kan haƙarƙari, biyu su koma ɗaya daga nan. A baya kuma, wajen matuƙi, sau da yawa wurin buɗewa yake yi, sai a saƙa ƙarin gajeren falanki ya cike. Gefe ɗaya kawai ake fiƙewa, a kan rula ta ƙarfe, da reza sabuwa, ana ja a hankali sau da yawa. In ka danna da ƙarfi sau ɗaya rezar za ta bi jijiyar katakon ta kauce. Sannan ka ɗan goge gefen ta ciki ya karkata, don bakinsa na waje ya haɗu da na maƙwabcinsa ba tare da kafa ba.

Yanzu maganar jiƙo. Zafi ne ke tausasa katako, ruwa yana taimaka wa zafin ya ratsa ne kawai. Jiƙon kwana guda yana kumbura falanki, ka manna shi a kumbure, ya bushe ya tsuke, giɓi ya bayyana. A ƙasarmu abin ya fi muni, domin wanda aka manna da danshi a damina, hunturu na shigowa zai buɗe baki. Minti goma zuwa sha biyar a ruwan zafi ya isa. Daga nan ka ɗora shi a jikin gwangwani ko kwalba mai kauri, ka bi shi da dutsen guga a hankali kana lanƙwasawa, za ka ji a yatsunka lokacin da ya saki. Tururin bakin buta ma yana yi. Ka maƙale shi a jikin jirgin ba gam, ka bar shi ya bushe sarai, sannan ka cire ka manna. Falankin da ya lanƙwasu daidai, in ka ajiye shi a wurinsa zai zauna da yatsa ɗaya. Wanda sai ka danne shi da ƙarfi bai gama ba, ka koma da shi kan dutsen guga.

A goshin Endeavour lanƙwasa ta fuska ɗaya ba ta isa, falankin yana buƙatar ya karkata ta gefensa ma. Wanda bai sami wannan ba shi ne kake gani gefensa na ƙasa ya ɗaga kamar matakala. Ka kwantar da shi a kan allo, ka danne ƙarshensa da kilif, ka tura shi ta gefe a hankali kana bi da zafi, ka bar shi ya huce a haka. Inda kwanar ta fi ƙarfin wannan, ka manna salatif na takarda a gurbin, ka zana bakin falankin da ke sama da fensir, ka ɗauke salatif ɗin ka manna a kan faffaɗan ɓallin katako, ka yanko falankin da lanƙwasarsa. Masu yin kujeru da kabad suna da ragowar irin wannan ɓalli.

Wajen mannawa, farin gam nake so, don yana ba ka lokacin gyarawa. Sufa gulu sai ɗigo a bakin goshi inda kilif ba ya kamawa, kuma ka kiyaye idonka da warinsa. Ƙananan ƙusoshin da ke cikin kwalin, ka fara huda wurin kafin ka sa, kada ka buga su har ƙarshe, gam na bushewa ka zare. In ka bar su za su yaga sanfefa. Kyauro da abin maƙale shanya suna aiki sosai. Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa: falanki ɗaya a dama, ɗaya a hagu. In ka gama gefe guda kafin ɗayan, jan da katakon ke yi zai murɗe ƙashin baya, kuma jirgin da ya murɗe ba ya miƙewa. Falankin da ke manne da ƙashin baya kuma kada ka bari bakinsa ya hau sama a goshi, zai cinye wurin sauran.

Kwalinka mai shimfiɗa biyu ne, wannan rahama ce. Ta farko, farin katakon nan mai laushi, za ka iya cike kafofinta da dusar katako da aka kwaɓa da gam, ka goge ta yi sumul. Amma ina roƙonka ka yi ta da awo kamar ita za a gani, domin a nan hannunka zai koya. Ta biyu siririya ce, ba ta ɓoye komai, duk tudun da ke ƙasa sai ya fito. Jan katakon nan da kamfanonin Sifen ke yawan sawa, sapele, sunan garin Sapele na jihar Delta ya ɗauka, yana da kyau in ya sha fanish amma yana da saurin tsagewa, sai da reza mai kaifi. A wannan shimfiɗa kada ka ja falanki ɗaya daga goshi har baya. A ma'aunin 1:60, falankin milimita 5 daidai yake da santimita 30 a jirgin gaske, tsawon santimita 12 kuma ya haura mita 7 kaɗan, wanda ya yi daidai da irin tsawon da ake samu. Ka yanka su haka, ka riƙa gocar da mahaɗarsu, a sami falankai uku tsakani kafin mahaɗa ta sake faɗowa a layi ɗaya. In kana son ganin yadda layukan ke tafiya a goshi, ka nemi hotunan kwafin Endeavour da aka ƙera a Fremantle ta Ostareliya, aka sa a ruwa a 1993, yanzu yana gidan tarihin jiragen ruwa na Sidni.

Kafin ka rufe falankan ƙarshe, ka shafe cikin jirgin da gam da aka sirka da ruwa, yana ƙara riƙe mahaɗai, yana kuma rage yadda katako ke motsi tsakanin damina da hunturu. Kada ka ajiye shi inda rana ke bugawa.

Yanzu dai ka cire falankan nan, ka yi gugar, ka sa cikon goshi. In ka auna haƙarƙarin da takarda, turo min lambobin tun daga na farko har na ƙarshe, tare da hoton jirgin ta gaba da zaren a jiki, mu duba tare inda za ka tsayar da falanki kafin ka yanka ko ɗaya. Allah Ya ba da sa'a.