'Yata Za Ta Cika Goma Muna Disney: Kuɗin Abincin Yara Zan Biya Ko Na Manya?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Muna shirin kai yara Walt Disney World da ke Orlando a Amurka, za mu yi kwana bakwai. Babbar 'yata za ta cika shekara goma a rana ta huɗu da saukarmu, ƙanenta kuma shekararsa biyu da wata takwas. Da na yanki tikitin jirgi an lissafa ta a yara, amma da na duba farashin gidajen abincin wurin sai na ga an rubuta cewa yara su ne masu shekara 3 zuwa 9. Yarinyar nan ba ta da ci, loma biyar ta ture kwano. Da gaske kuɗin babba zan biya mata? Kuma in na ce shekararta tara, wa zai sani?

Amsa:

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya su, ya kai ku lafiya.

Abin da kika gani haka yake. A Walt Disney World, da Disneyland ta Kalifoniya, har ma da Universal Orlando, wani wurin wasan da ke maƙwabtaka da Disney World, yaro shi ne mai shekara 3 zuwa 9. Da ya taka goma ya zama babba a idon mai karɓar kuɗi, ko da har yanzu sai an ɗaure masa igiyar takalmi. Kamfanonin jirgin sama kuwa galibi suna lissafa yaro daga shekara 2 har ya cika 12, shi ya sa kika ga hannun riga tsakanin tikitin jirgi da farashin abinci. Kowa da ma'auninsa. Sai dai kada gabanki ya faɗi, domin ba a kowane gidan abinci wannan doka take cizo ba. Abin da zai ci miki kuɗi ko ya rage miki shi ne irin wurin da kika zaɓa ku zauna.

A wuraren da ake yin layi a kanta, a biya, a ɗauki tire a nemi kujera, maganar shekaru kusan ba ta tasowa. Abincin kike saye, ba kan mai ci ba. Ki sayi kwanon yara ki miƙa mata, ko ki yi oda ta manhajar waya, babu mai zuwa ya leƙa bakin wa abincin ya shiga. Manya da yawa ma da ba su da ci shi suke saye, tunda yakan zo da abin sha da 'ya'yan itace a farashi ɗaya. Irin waɗannan wurare su ne suka fi yawa a cikin manyan filayen wasa guda huɗu da ke Disney World.

A gidajen da ake zama a kawo muku takardar abinci, kowa ya zaɓi nasa da farashinsa a gefe, an rubuta cewa shafin yara na masu shekara 9 ne zuwa ƙasa. A aikace akwai sassauci. Sau da yawa in kin tambayi mai kawo abinci cikin mutunci zai bar yarinya mai goma ta zaɓa daga can, amma alfarma ce, ba haƙƙi ba, in ya ce a'a ba abin faɗa ba ne. Ko an hana ma kina da mafita: ki saya mata ɗan abin buɗe ciki kawai, ko ku raba kwano ɗaya, domin kwanon babba a Amurka yakan ishi uwa da 'ya har a rage.

Inda gizo ke saƙar shi ne wuraren kuɗin kai. Akwai na ɗibi-da-kanka, irin su Crystal Palace a filin wasa na Magic Kingdom, da Tusker House a na Animal Kingdom, da Chef Mickey's da Boma a otal-otal ɗin kamfanin. Akwai waɗanda ake jere muku akussa a tebur a yi ta ƙarowa har ku ce ya isa, kamar 'Ohana da Garden Grill. Akwai kuma masu tsayayyen farashi, inda kowa zai zaɓi abin farawa da babban kwano da kayan zaƙi a kuɗi ɗaya, kamar Be Our Guest da Cinderella's Royal Table. A duk waɗannan, kai ake ƙirgawa. Yarinyar da ta zauna ta ci burodi ɗaya da yankan kankana, in ta cika goma, kuɗinta ɗaya da na babanta da ya koma layi sau uku. Ko an yarda a kawo mata abincin yara, a ƙa'ida kuɗin manya za a rubuta.

Bari mu yi lissafi da misali, tunda farashin na sauyawa da wuri da kuma lokacin shekara. Kuɗin yaro a irin waɗannan wurare yakan kama kusan kashi biyu bisa uku na kuɗin babba. A ce babba dala 60, yaro dala 39. Tazarar dala 21 ke nan a takarda. Amma a Amurka farashin da aka rubuta ba shi ake biya ba. Za a ɗora harajin saye, wanda a mafi yawan harabar Disney World kashi 6.5 cikin ɗari ne, sannan ga tukuicin mai kawo abinci, kashi 18 zuwa 20, wanda a can ba a ɗaukarsa a matsayin ganin dama. Sai dala 21 ta koma kusan 26. Ku yi irin wannan zama sau uku a mako, kin ga an doshi dala 80 a kan cikin da bai ci na dala 10 ba.

Iyaye da yawa suna ganin wannan zalunci ne. Ni ban kira shi zalunci ba, ko da yake ina ganin goma ta yi wuri. Abin da ake sayarwa a Chef Mickey's ba soyayyen ƙwai ba ne. Kujera ake sayarwa ta awa ɗaya da ɗoriya, a ɗakin da mutane ke rububin kamawa tun saura kwana 60, tare da Mickey, ɓeran nan na zanen Disney, da abokansa da za su zagayo teburinku a ɗauki hoto ba tare da kun yi layi a rana ba. Kujerar da yarinya ta zauna, da babba ne kuɗin babba za a samu. Don haka rangwamen yara ba auna cikinsu aka yi ba. Dabarar kasuwa ce: a sauƙaƙa wa mai ƙananan yara don ya shigo da iyalinsa gaba ɗaya, sannan a ja layi a inda ake ganin iyaye za su biya ko da suna gunaguni.

Me ya sa aka ja layin a goma? A ganina gidajen abincin sun bi sahun tikitin shiga ne, don kada a samu yaro a ƙofa, babba a tebur. Shi kuma tikitin, a fahimtata, yana da alaƙa da tsayi. Mafi tsananin sharaɗin hawa injinan wasa a Disney World shi ne inci 48, wato kimanin santimita 122, kamar a abin hawan nan mai gudu da ake kira TRON. Yawancin yara masu shekara goma sun wuce nan da nisa, babu abin hawan da za a hana su, sai kamfanin ya ce to su biya cikakke. Hujjar tana da ƙarfi a bakin ƙofa. A kan tebur kuwa ta yi rauni, domin tsayi ba shi ne ci ba.

Kuma ba haka abin yake tun asali ba. Lokacin da aka buɗe Magic Kingdom a 1971, aji uku ne: yaro mai shekara 3 zuwa 11 dala 1, matashi mai 12 zuwa 17 dala 2.50, babba dala 3.50, ban da kuɗin takardun hawa. Daga baya aka shafe ajin matasa, aka kuma sauko da iyakar yara. Har yau Tokyo Disneyland tana riƙe da aji ukun nan a tikitinta: 4 zuwa 11, 12 zuwa 17, sai manya daga 18. A Disneyland Paris da ta Hong Kong yaro shi ne 3 zuwa 11, a Europa-Park ta Jamus kuma 4 zuwa 11. Wasu ma ba ruwansu da takardar haihuwa, sanda suke kafawa: a Legoland Windsor ta Ingila duk yaron da bai kai santimita 90 ba kyauta yake shiga. Da Faransa za ku, 'yarki tana da sauran shekara biyu cur tana cin arha.

Yanzu ga labari mai daɗi game da ranar haihuwar da ta faɗo tsakiyar tafiya. A Disney World, idan kin kama ɗaki a otal ɗinsu haɗe da tikiti, shekarun yaro a ranar sauka ake bi har ƙarshen zaman. Tunda za ku sauka tana da tara, tikitinta na yara ne har ranar da za ku tattara kaya, ba za a ce ki ciko a rana ta huɗu ba. Haka ma tsarin abincinsu da ake biya tun kafin tafiya, wanda suke kira Disney Dining Plan. An dakatar da shi a 2020 lokacin korona, ya dawo a watan Janairun 2024. In kin saya, za a lissafa ta a yara kwana bakwai ɗin duka. A 2026 ma kamfanin ya sa tsarin ya zama kyauta ga masu shekara 3 zuwa 9, idan manyan da ke ɗakin sun sayi nasu. Sharaɗi biyu ne za ki lura da su: duk wanda ke ɗakin daga shekara 3 zuwa sama sai ya shiga tsarin, kuma mai rajistar yara daga shafin yara zai zaɓa a duk inda ake da shi. Ga yarinya marar ci wannan ba matsala ba ce. Tukuici kuwa a yawancin wurare ba ya ciki, daga aljihu za ki ba da.

Idan ba ki sayi tsarin ba, kuna biya ne duk inda kuka ci, to shawarata ki sauƙaƙa wa kanki. Duk wani zaman kuɗin kai da kike so, ki kama teburinsa a kwana ukun farko, tana da shekara tara ta gaskiya. In kina son walimar haihuwa tare da gimbiyoyin Disney a Cinderella's Royal Table, ki yi ta ana gobe za ta cika, musamman da yake can tun lokacin kama tebur ake biya. Yarinya ba za ta ji komai ba don an riga ranar da kwana ɗaya. A ranar kanta ku karɓi bajon murnar haihuwa a ofishin kula da baƙi, kyauta ake bayarwa, ta maƙala a riga, ma'aikata su yi ta taya ta murna duk inda ta bi. Sauran kwanakin ku ci a kanta ko a gidajen da kowa ke zaɓar kwanonsa.

Shi kuwa ƙanenta, wannan ce tafiyarsa mafi arha. Bai kai uku ba, don haka babu tikitin shiga, kuma a wuraren ɗibi-da-kanka da na akussa zai ci kyauta. A gidajen zaɓi zai iya ci daga kwanonki, sai in kin yi masa odar nasa ne za ki biya. Amma kada ki manta ki ƙirga shi lokacin kama tebur. Ko jariri na goye sai an lissafa shi a yawan mutane, domin kujerarsa ma wuri take ci. Kuma in shirinku ya sauya ki soke teburin da wuri, domin a yawancin gidajen rashin zuwa tarar dala 10 ce a kan kowane mutum.

Saura tambayarki ta ƙarshe. Gaskiya ne a gidajen abincin Disney na Amurka ba kasafai ake cewa a kawo fasfo ba, maganar iyaye ake ɗauka. Amma ba zan ba ki shawarar ki rage mata shekara ba. Na ɗaya, ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a wurin da ma'aikata suka saba durƙusawa su tambayi yaro sunansa da shekarunsa don su faranta masa. Yarinyar da ta yi wata guda tana ƙirga kwanakin cikarta goma, ga bajo a ƙirji, ba za ta ce tara ba. Na biyu, in ma kin gargaɗe ta tun daga ɗaki, kin koya mata abin da ya fi dala 26 tsada. Idan dole ta kama kun zauna a wurin kuɗin kai bayan ta cika, ki faɗa wa mai kawo abinci yadda abin yake: ta cika goma shekaranjiya, tikitinta na yara ne, kuma ba ta da ci. Wani zai rubuta kuɗin yara, wani zai ce doka ta ɗaure masa hannu, kowanne aka yi ki karɓa.

Abu ɗaya da masu zuwa karon farko ba su cika sani ba: Disney World tana barin baƙi su shiga da abincinsu daga waje, muddin ba a kwalba yake ba, ba giya ba ce, kuma ba ya bukatar ɗumamawa. Ga yarinyar da ke tsakurar abinci kaɗan-kaɗan, jaka mai ɗauke da abin da ta saba ci ta fi mata kowane dogon tebur amfani. Ruwan sanyi kuma kada ki saya na gora sai kin so. Ki je kowace kantar abinci ki roƙi kofin ruwa da ƙanƙara, za a ba ki kyauta.