Tambaya da Amsa: An Raba Ni da WhatsApp, Ina Mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni akawu ne a wata makaranta mai zaman kanta a Tudun Wada, Zariya. Makon jiya wani ya kira ni, ya ce daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai yake, wai za a yi taro ta intanet, in karanto masa lambobi shida da suka shigo wayata. Kafin magariba an raba ni da WhatsApp, ana ta roƙon kuɗi da sunana. Yaya zan kare kaina da kwamfutar makaranta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya kiyaye gaba. Lambobin nan shida su ne makullin asusunka, kuma ɓarawon bai fasa ƙofa ba, miƙa masa aka yi. Ka sake yin rajistar WhatsApp da layinka, domin da zarar ka shigar da sabuwar lambar da za a turo maka, za a fitar da shi. Idan ya riga ya sanya lambar sirri ta mataki na biyu, wato ƙarin lambar da WhatsApp ke bari a kulle asusu da ita, sai ka jira kwana 7. Kafin nan ka sanar da 'yan uwa da abokan arziki kada su tura ko sisi, kuma idan asusun ya dawo, ka sanya taka lambar sirrin a ranar.

Da irin wannan salo ake yashe asusun banki. Mai kiran zai ambaci cikakken sunanka cikin ladabi, ya ce an rufe BVN ɗinka, sannan ya yi ta azalzalarka don kada ka samu sararin tunani. Banki ba ya neman lambar sirrin katinka ta waya, kuma duk wanda ya nema, kashe kiran ka tafi reshe da ƙafarka. Mu kan ji nauyin katse babban mutum yana magana, kuma da wannan kunyar tamu suke cin kasuwarsu.

Batun makaranta ya fi nauyi, domin sakamakon jarrabawa da lissafin kuɗin ɗalibai amana ne, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a. Babbar barazanar ita ce manhajar da ke kulle bayanai har sai an biya kuɗin fansa. A watan Mayun 2017 irinta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, alhali kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran kafar da ta bi tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta kwamfutocinsu ba ne suka ɗanɗana kuɗarsu. Saboda haka ku riƙa sabuntawa, kowane ma'aikaci ya samu kalmar sirrinsa shi kaɗai, a daina manna ta a jikin tebur, a kuma bincika duk filashin da ya dawo daga shagunan buga takardu na Samaru ko Kongo kafin a buɗe shi. Duk Juma'a ku kwafe bayanan a wata ma'ajiya dabam, ku cire ta daga kwamfutar, a kulle ta a ofishin shugaban makaranta.