Kai ma talla ta ci ka, Malam: amsa ga mai shagon da lemo ya yi wa kwantai

Wani mai shagon kayan masarufi a Unguwar Rogo, cikin garin Jos, ya aiko da tambaya. A farkon watan Nuwamba wakilin wani dila ya kawo masa sabon lemon roba da ake ta tallatawa a rediyo da allunan bakin titi, ya ce duk wanda ya sari fakiti 60 za a yi masa garaɓasar fakiti 4. Ya biya ₦270,000, wato ₦4,500 kowane fakiti mai roba 12, yana sa ran idan lemon ya karɓu a ba shi dilancin unguwa. Yau mako bakwai ke nan, fakiti 11 kacal suka fita, kuma saura wata uku wa'adin lemon ya ƙare. Yanzu yana so ya ba wani matashi mai tarin mabiya a TikTok ₦50,000 ya tallata masa. Ya rufe da cewa: "Ni dai talla ba ta ruɗa ta, amma na ga mutane duk abin da aka tallata shi suke bi. To me ya sa nawa ya ƙi tafiya? Ko mutane sun fara waye wa talla ne?"

Malam, Allah ya mayar da alheri. Amma bari mu fara da maganar da ka rufe da ita, domin a nan ciwon yake. A duk wannan ciniki, mutum ɗaya ne muka tabbatar talla ta ci, kuma kai ne. Mutanen unguwa sun ji waƙar lemon a rediyo, sun ga allo, wasu sun ɗanɗana roba ɗaya ta ₦450 sun koma wa abin da suka saba. Kai ka ji waƙar, ka ga allon, ka zaro ₦270,000.

Ba kai kaɗai ke wannan tunani ba. Tun 1983 wani masanin halayyar jama'a ɗan Amurka, W. Phillips Davison, ya yi rubutu a kan yadda kusan kowa ke ganin saƙon kafafen yaɗa labarai ya fi tasiri a kan wasu fiye da shi kansa. Kafin shi, a 1968, Robert Zajonc ya gwada nuna wa mutane kalmomin da ba su da ma'ana da hotunan baƙin fuskoki, wasu sau ɗaya, wasu sau da yawa, sai ya tarar abin da aka fi maimaita musu shi suka fi so, ba tare da an faɗa musu komai a kansa ba. Ba ma sai ka je Amurka ba, saurari bakin yaran da ake aikowa shagonka. A ba ni magi. A ba ni omo. A ba ni makilin, indomi, lifton. Dukansu sunayen kayan wasu kamfanoni ne da suka zauna a harshenmu har muka manta ɗanɗanon girki, garin wanki da man goge baki suna da wasu masu yin su. Dattijon da zai rantse maka bai taɓa sauraron talla ba, shi ma makilin yake cewa.

Saboda haka idan tambayarka ita ce ko mutum na iya toshe kansa daga talla da wayo ko ƙarfin zuciya, amsa ita ce a'a. Talla ba ta yin gardama da kai, balle ka kayar da ita. Saba maka take yi da suna, har ran da ka gan shi a kanta ka ji kamar ka san shi.

Sai dai akwai iyakar da ba ta wucewa, kuma iyakar nan ce ka tsallake. Talla tana iya sa mutum ya saya sau ɗaya. Saye na biyu na harshe ne da aljihu. Je ka kasuwar Farin Gada ka gani: tumatir, kabeji, karas, dankalin Turawa, ba mai buƙatar waƙa a rediyo, domin mai saye yana ɗagawa ya juya ya latsa, gani ya kori ji. Ƙarfin talla yana kan kayan da ba a sanin kyansu sai an biya, kamar lemo da sabulu, ya fi kuma tsanani a kan waɗanda ko an biya ba a gane gaskiyarsu da wuri, kamar man shafawa, maganin ƙarin lafiya da harkar zuba jari. Shi ya sa MMM, harkar zuba jari ta yaudara, ta kwashe mutane kafin ta rufe asusu a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, kuma a cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da masu ilimi da 'yan kasuwa. Lemo yana tsakiya: a ɗanɗana, idan bai yi ba a bar shi. Mai shago ba ya cin riba a ɗanɗano, a dawowa yake ci.

Kuskurenka guda ɗaya ne. Ka ɗauki amon talla a matsayin shaidar cewa ana neman kaya, alhali shaidar tana cikin shagonka, ba ka rubuta ta ba. Kafin ka biya, mutum nawa suka tsaya gaban kantarka suka tambayi wannan lemon da sunansa? Fakiti nawa na duk lemukan da kake da su kake sayarwa a mako? A watan Nuwamba da Disamba na bara, cinikin kayan sanyi ya hau ko ya sauka? A wasiƙarka babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma da kana da littafi da su za ka fara. Da ka buɗe shi, da ya tuna maka abin da kowane mazaunin Jos ya sani a jikinsa: ka sari lemon sanyi a bakin hunturu, a garin da mutane ke kwana da rigar sanyi suna neman mai shayi tun asuba. Wanda ya tsara tallar yana kallon ƙasar baki ɗaya. Sanin sanyin Unguwar Rogo aikinka ne.

Ka kuma fahimci cewa kamfani talla biyu yake yi a lokaci guda. Ta rediyo da allo ta mai sha ce. Garaɓasa da alƙawarin dilanci taka ce, kai mai shago, kuma ta fi waccan kaifi domin da lissafin riba take zuwa. Wakilin dila yana da adadin da aka ɗora masa ya fitar a wata. Ran da fakiti 64 suka sauka a shagonka, shi ya gama sayarwa. Ko an sha, ko ba a sha ba, wannan ya zama naka.

Mu yi lissafin da ya kamata a yi a ranar. Fakiti huɗun garaɓasa kuɗinsu ₦18,000. Da su, kowane fakiti ya tsaya maka a kusan ₦4,220. Kana fitar da fakiti ɗaya da rabi a mako, saura 53. A mako 13 da suka rage, idan tafiyar ba ta canza ba, za ka sayar da kamar 20. Sauran 33 za su lalace a hannunka, kusan ₦139,000. Ka jefa wannan a haɗari don ka ci ₦18,000. Ba a nan asarar ta tsaya ba. Da kuɗin nan suna cikin sukari, taliya, man gyaɗa da garin wanki, a ce suna juyawa sau biyu a wata da ribar kashi 5 cikin ɗari, da a mako bakwai sun kawo maka abin da ya kai ₦40,000, kuma da ba ka ce wa mai neman taliya "ta ƙare" ba.

Maganar dilanci kuwa, cire ta daga ranka. Ba a zama dila da sari ɗaya. Dila yana da sito, da abin hawa, da shaguna da dama da ke ɗauka a wurinsa, da jarin da zai jure bashin da za su riƙe masa. An sha ganin masu shagon kayan kwalliya sun faɗa wannan rami: sabon man shafawa ya cika waya, a ce saura katan kaɗan, wanda ya riga shi ne wakili, mutum ya kwashe kuɗin adashi ya zuba. Bayan wata biyu wani sabo ya fito, yayin wancan ya wuce, katan-katan suna ƙarƙashin kanta suna shan ƙura. Duk inda aka haɗa maka "yau kawai" da "kai za ka zama babba", cinikin biri a sama ake so ka yi.

Yanzu batun ₦50,000 na TikTok. Kada ka bayar. Ribarka a fakiti, idan ka sayar ɗai-ɗai a ₦450, kusan ₦1,180 ce, don haka kuɗin tallar ya cinye ribar fakiti 42 daga cikin 53 da suka rage. Sannan mabiyan matashin nan suna ina? Wasu Kano, wasu Kaduna, wasu Yamai, wasu Saudiyya. Ko na cikin Jos ɗin, ba wanda zai hau keke daga Bukuru ya zo Unguwar Rogo don lemon ₦450 da zai samu a bakin layinsu. Idan tallar ta yi aiki, kamfanin ta yi wa, da duk shagon da ke da kayan. Kana shirin maganin cizon talla da wata tallar, kuma a wannan karon ma ba ka da hanyar auna abin da za ta kawo.

Idan har ka yarda ka rabu da ₦50,000, ka rabu da su a farashi, inda mai saye zai gani da idonsa. Raba su a kan fakiti 53, ragin kusan ₦940 ke nan a kowanne. Ga yadda za ka bi.

Fara da dilan, yau ba gobe ba. Kira wakilin ka nemi ya karɓi fakiti 30 ya musanya maka da kayan da ke tafiya, ko da a ₦4,000 zai lissafa. Da sauran wata uku a jiki zai iya kai su wani gari mai zafi. Idan ya rage wata ɗaya ba zai ɗaga wayarka ba. Idan ya ƙi, ka nufi masu saye da yawa. Muna bakin Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da ake shan lemo a Jos duk da sanyi, ga bukukuwan aure da suna da walima. Masu abinci, masu haɗa kayan biki, masu shago a tashoshin mota da kewayen kasuwar Terminus, ba su fakiti a ₦3,800 zuwa ₦4,000, kuɗi hannu, ban da bashi. A ₦3,800 kana faɗuwar ₦420 a fakiti. A fakiti 33 bai kai ₦14,000 ba. Kwatanta shi da ₦139,000. Ka nuna musu ranar ƙarewar wa'adi da bakinka kafin su tambaya, kuma kada ka kuskura ka goge ko ka canza ta: haram ne, laifi ne a wurin NAFDAC, kuma a unguwa labari ba ya ɓuya. Ragowar 20 ka bar su a shago, ka sauke su ƙasa da farashin lemon da aka saba da ₦50 ko ₦100, ka jera su daidai idon mai shigowa, ka kawar da su daga rana domin zafi yana ɓata ɗanɗanon lemon roba tun kafin wa'adi.

Abin da ya fi wannan duka muhimmanci shi ne littafi, domin shi kaɗai ne garkuwar da ɗan kasuwa ke da ita. Ba za ka hana talla shiga kunnenka ba, amma za ka iya hana ta isa aljihunka kafin ta bi ta kan alƙaluma. Sayi littafin makaranta guda biyu. Na farko na fita ne: kowane dare, kaya ashirin da suka fi tafiya, nawa suka fita. Na biyu na tambaya ne, wanda yawancin masu shago ba sa yi: duk wanda ya nemi abin da ba ka da shi, rubuta sunan kayan ka ja layi ɗaya. Yaron shago ma ya rubuta idan ba ka nan. Kayan da ya tara layi goma a mako biyu, unguwa ce ta tallata maka shi, kuma wannan tallar ba ta ƙarya.

Sabon kaya kuma, kome amonsa, fakiti biyu ko katan ɗaya ne gwajinsa. Ba shi mako biyu. Kada ka ƙirga nawa aka saya kawai, lura da fuskoki: wanda ya saya ran Litinin ya dawo ran Alhamis? Idan sabbin mutane ne kullum ba mai dawowa, talla ce ke aiki, kayan bai zauna ba, kuma ran da kamfani ya daina biyan rediyo cinikin zai mutu. Idan ya zauna, sari abin da za ka sayar a mako uku. Ga kayan ci da sha, kada ka ɗauki abin da ba zai ƙare a rabin wa'adin da ya rage masa ba. Duba lambar NAFDAC da ranar da aka yi shi a jikin fakitin da za a sauke maka, ba wanda aka nuna maka ba. Sannan kada sabon kaya guda ya ci fiye da kashi 5 cikin ɗari na jarinka, kome daɗin bakin mai kawo shi.

Ka kuma sa wa kanka doka: ba ka biyan sabon kaya a ranar da aka kawo maka maganarsa. Kwana biyu, ka buɗe littafi, ka tambayi maƙwabta biyu masu shago irin naka nawa suke fitarwa a mako. Gaggawa ita ce rabin ƙarfin garaɓasa, kuma yawanci wadda aka ce yau za ta ƙare, mako mai zuwa za ka ji ta da wani suna.

Wakilin nan zai dawo, watakila da wani sabon kaya da sabuwar waƙa. Ka tarbe shi da mutunci, ka ba shi wurin zama, ka ce masa: tunda ka tabbata zai tafi, ajiye min fakiti biyar, in na sayar in biya, abin da ya rage bayan mako uku ka ɗauka, mu rubuta mu sa hannu. Idan ya yarda, karɓa. Idan ya ce kamfani ba ya haka, ka sayi biyu da kuɗinka ka buɗe musu shafi a littafi.